Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Raddi Ga Masu Cewa Tsohon Kaya Sai Bola

Akwai maganar da ta zauna da gindinta a bakin mutanen Suleja, daga Magajiya zuwa Kurmin Sarki, daga Hashimi har Maje: wai tsohon kaya ba shi da masauki sai bola. Kujerar da aka gada tsohon yayi ce, agogon bangon da ya tsaya ya gama aikinsa, keken ɗinkin kaka kuwa a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli. Wanda ya ce zai kai wa kafinta ko mai gyara, sai a ce masa ai kuɗin gyara ya kai na sabo, kuma mai hali ba ya zama a kan tsohuwar kujera. Ana faɗin maganar nan da yaƙini, har ba a jin tana neman hujja. Ni dai ina ganin tana nema, kuma in aka tsananta bincike ba za a samo mata isasshiya ba.

Wajibi ne in fara ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, domin yawancinsu iyayenmu ne mata da yayyenmu, waɗanda suke kwana suna tashi da tunanin ɗakin 'ya. Uwar da ta shekara da shekaru tana zubin adashi don ta fita kunya ranar jere, ba wanda ya isa ya kira ta almubazzara. Ta san idon dangin miji, ta san bakin 'yan ganin ɗaki, ta kuma san cewa gori ɗaya da aka yi wa amarya kan kayan ɗakinta yana iya bin ta har ta yi jikoki. Haka magidancin da ya taso a gidan da babu ko benci, Allah ya buɗa masa, ya ce shi ma sai ya zuba kujeru 'yan Turkiyya a falonsa. Wannan godiyar ni'ima ce a wurinsa, kuma addini bai hana mutum jin daɗin halalinsa ba.

A cikin maganarsu ma akwai gaskiyar da ba ta musantuwa. Katakon da gara ta cinye cikinsa ba shi da magani. Soson kushin da ya daɗe yakan zama gidan ƙura da kuɗin cizo. Tsohuwar wayar wuta da ta tsage tana iya tayar da gobara, wani tsohon fentin kuma akwai dalma a cikinsa, mai cutar da ƙananan yara. An yi aikin ha'inci a zamanin kakanni kamar yadda ake yi a yau. Sai dai a nan ne hanyarmu ta rabu. Na ha'incin ya riga ya karye an hura wuta da shi tun tuni. Abin da ya iso hannunmu bayan shekara 50 ko 60, ya sha damina ya sha hunturu, yara sun yi tsalle a kansa, an yi ƙaura da shi, yana nan tsaye, wannan ya ci jarrabawar da sabon kaya bai ko zauna ba tukuna. Kuskuren maganar shi ne ta ɗauki shekaru ta mayar da su ma'auni. Ma'aunin gaskiya abu uku ne: da me aka yi kayan, yaya aka haɗa shi, kuma in ya samu matsala yana karɓar gyara ko ba ya karɓa.

In da akwai garin da bai kamata a sha wahalar fahimtar da mutanensa wannan ba, to Suleja ce. Lokacin da garin nan yake amsa sunan Abuja, Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, yana tara tukwanen ƙasa masu kyau a gidansa yana adana su. A wancan zamani kuwa tasa da langa da kwanon sha na kanti su ne alamar wayewa, tukunyar ƙasa ta fara zama kayan ƙauye. A wurin Sarki ne wani Bature maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda gwamnati ta ɗauko a 1950, ya ga aikin wata mata 'yar garin Kwali mai suna Ladi. Cardew ya zaɓi garin nan ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, ta fara aiki a 1952, Ladi Kwali kuma ta shigo a 1954, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ba ta yar da abin da ta koya a gida ba. Ta ci gaba da gina randa da hannu irin na ƙasar Gwari, tana zana mata kadangare da kunama da kifi da kada da hawainiya, sannan a shafa mata ruwan ƙyalli a gasa ta a wutar da ta haura digiri 1,200, ta fito da taurin dutse.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An baje kolin tukwanen Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ladi Kwali ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, ta zagaya Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya, wadda a yau take cikin manyan magina na duniya, ta zo garin nan a 1974 ta yi koyo a hannunta. Tun 2007 hoton Ladi Kwali yana bayan takardar naira 20, randunanta suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a Washinton, kuma duk wadda ta fito kasuwar gwanjon ƙasashen waje da dubban fam ake maganarta. Yanzu sai mu tambayi kanmu: kofuna da farantai da butocin shayi nawa na wannan cibiya suka shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwar garin nan, aka zuba wa kaji ruwa a cikinsu, aka fasa, aka share, don an samu na roba masu launi? Masu su ba su yi haka da mugunta ba. Sun yarda ne kawai da maganar da nake yi wa raddi.

Lokacin da aka fara gasa waɗannan tukwane a Abuja ya faɗo ne cikin zamanin da wani salo na ƙera kayan ɗaki ya mamaye duniya, wato daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa wajajen 1970, wanda daga baya aka riƙa kiransa salon tsakiyar ƙarni. Siffarsa ba ta ɓuya: kujera mara nauyi, ƙafafu sirara masu ɗan buɗewa waje, hannu na katako zalla, babu sassaƙe-sassaƙen furanni, babu ruwan gwal, ana barin jijiyar itacen ta bayyana. Dalilinsa ma a fili yake. Bayan yaƙi gidaje sun ƙanƙance, kuɗi sun yi wuya, masu zane suka ce a yi abin da zai ɗauki jikin mutum da kyau, ya ci wuri kaɗan, ya kuma daɗe. A Amurka, Charles Eames da matarsa Ray sun ƙware wajen lanƙwasa siraran falankai da zafi da gam tun suna yi wa sojojin ruwa karan ɗori a 1942, da wannan fasaha suka fitar da shahararriyar kujerarsu ta hutawa a 1956, wadda kamfanin Herman Miller yake ƙerawa har gobe.

A Denmak kuwa akwai Hans Wegner, ɗan mai gyaran takalmi, wanda ya fara da koyon kafinta yana yaro. Kujerar da ya zana a 1949 ita ce John Kennedy da Richard Nixon suka zauna a kai ranar muhawararsu ta talabijin a 1960. Wata kujerar tasa mai baya kamar harafin Y, wadda ya samo tunaninta daga tsofaffin kujerun Sin na zamanin daular Ming, kamfanin Carl Hansen yana yin ta ba yankewa tun 1950. Mazauninta saƙa ce ta igiyar takarda mai tsawon kimanin mita 120, da hannu ake yi. In igiyar ta gaji bayan shekaru, a kwance a sake saƙawa, katakon yana nan. Tun a wurin zane aka ware abin da zai mutu da wuri daga abin da zai daɗe, aka bar ƙofar sauya na farkon ba tare da taɓa na biyun ba. Masu saƙa mana gadon igiya da kujerar kaba sun san wannan hikima tun kafin a haifi Wegner.

Wani zai ce wannan labarin Turai ne. To ga labarin waɗanda suka yi tunani irin namu. A Indiya, lokacin da ake gina birnin Chandigarh a shekarun 1950, mai zanen gine-gine Pierre Jeanneret ya tsara wa ofisoshi da kotuna da jami'a kujeru da tebura na katakon tik da saƙar kara, kafintocin ƙasar suka ƙera su da yawan gaske. Shekaru suka ja, aka shigo da kujerun ƙarfe da roba masu juyawa, aka tara na Jeanneret a bayan ofisoshi rana da ruwa suna dukansu, ana gwanjonsu a farashin itacen girki. Dillalai daga Faransa suka bi suka kwashe, suka gyara, suka riƙa sayarwa a Paris da Landan da Niyok a kan dubban daloli. Sai a 2011 gwamnatin Indiya ta kafa dokar hana fitar da su, bayan an riga an yi nisa.

Labari na biyu ya fi kusa da mu. A 1949 aka kafa wani gida na ƙarfe da alminiyom a Yamai, wanda maƙerin Faransa Jean Prouvé ya tsara don ƙasashe masu zafi, aka kafa wasu biyu a Barazabil a 1951. Sun tsufa, sun yi tsatsa, ba mai waiwayarsu. Wajajen 2000 wani dillalin kayan tarihi ya saye su, aka kwance su ƙusa-ƙusa aka mayar Faransa aka gyara. A watan Yunin 2007 aka sayar da ɗaya daga cikin na Barazabil a gidan gwanjo na Christie's da ke Niyok a kan kusan dala miliyan 5. Ba ina kawo wannan don in ce kowace tsohuwar kujera a Magajiya taska ce ba; mafi yawansu ba za su taɓa ganin gidan gwanjo ba. Darasin dai shi ne mai kaya yakan zama na ƙarshe da zai san darajar kayansa in ya saba jin ana cewa tsoho sai bola, kuma wanda ya san darajar ba zai zo ya yi masa wa'azi ba, taya masa kwashe "shara" zai yi.

Mu dawo gida. Salon nan na tsakiyar ƙarni ya iso mana ta hannun kafintocin ma'aikatar ayyuka da na En'e da makarantun koyon sana'a. Duk wanda ya girma a gidan malamin makaranta ko akawu ko ma'aikacin asibiti ya san kujerun nan masu hannun katako da kushin biyu, ɗaya na zama ɗaya na jingina, da ɗan teburin tsakiya mai siraran ƙafafu, da kabad ɗin ajiye tangaran, da akwatin rediyo mai garmaho a ciki. An yi yawancinsu da maɗaci ko loko ko kawo, itatuwan da gara ba ta cika samun sa'arsu ba, kuma busassu aka yanka. Haɗinsu na rami da harshe ne: a huda rami a jikin ƙafa, a fiƙe bakin ɗaya katakon ya shige daidai, a sa gam, wani lokaci a soka ɗan turken katako ya riƙe. In irin wannan kujera ta fara girgiɗi, kafinta zai buɗe mahaɗar ya kankare tsohon gam ya sa sabo ya ɗaure, ta koma kamar ranar da aka yi ta. Kushin kuwa dama ba a manne yake ba, a cire riga a wanke, a sauya soso in ya kwanta.

A gwada wannan da yawancin abin da ake jerawa a ɗakunan amare yanzu. Gadon da sif ɗin da madubin, in ka ɗaga ƙyallin da aka manna a sama, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse ya zama allo. Yana da kyan gani, yana da sauƙin yanka, amma abokan gabarsa biyu ne, kuma dukansu suna zaune a Suleja. Na farko laima: garin nan yana shan ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, kuma da zarar ruwan shara ko danshin daɓe ya taɓa gindin irin wannan allo sai ya kumbura, ba ya kuma komawa. Na biyu ƙaura: dubban masu aiki a Abuja a nan suke haya, yau Kwamba gobe Madalla, kuma ƙusar murɗi in ta fita daga garin katako sau ɗaya ba ta sake kamawa da ƙarfi. Kujerun kushin manya kuwa, Allah kaɗai ya san irin ɗanyen katakon da yadi ya rufa wa asiri. Masu cewa gyara ya kai kuɗin sabo suna lissafin rana ɗaya ne. A yi lissafin shekara 20, a ƙirga sau nawa za a sauya wancan, sau nawa za a gyara wannan, sannan a faɗi wanne ne mai tsada. Hausawa dai sun riga sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da kuɗi ba sa saye ko da an samu. Itacen da aka yi waɗancan kujeru da shi ya shekara aru-aru a daji kafin a sare shi, irinsa kuma yana ƙarewa. Duk wanda yake shiga kasuwar katako ta Dei-Dei ya san yadda samun busasshen maɗaci mai faɗi ya zama aiki. Maɗobiya ma, da aka yi ta sarewa a Taraba da wasu jihohi ana lodawa zuwa Sin, sai da ta kai an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take sa wa ido daga 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Wanda ya fasa tsohon teburin maɗaci ya dafa wake da shi ya ƙona abin da jikansa ba zai samu a kasuwa ba.

Hukuncin kayan ƙarfe masu motsi ma haka yake, har ya fi tsanani, domin su ilimi ne a ƙunshe cikinsu. A 1206, Isma'il ɗan Razzaz al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙ a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa da ya bayyana na'urori 50: agogunan ruwa, injinan ɗaga ruwa, da na'urar zuba ruwan wanke hannu. Mafi shahara shi ne agogon giwa, wanda wata tasa mai ɗan huji take nitsewa a hankali a cikin tankin ruwa, duk rabin sa'a ta ja igiya, ƙwallo ya faɗo, tsuntsu ya juya, mahayin giwa ya buga ƙarfe. Kafin shi, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku sun rubuta nasu littafin dabaru a Bagadaza a ƙarni na 9. Na'urorin al-Jazari ba su iso zamaninmu ba, amma da yake ya rubuta yadda ake haɗa kowace, an sake gina babban agogonsa na ruwa a Landan a 1976, akwai kuma kwafin agogon giwa a kasuwar zamani ta Ibn Battuta da ke Dubai. Wannan fanni gadonmu ne mu Musulmi kafin ya yaɗu a Turai.

A birnin Neuchâtel na Suwizalan akwai wani mutum-mutumi na yaro da iyalan Jaquet-Droz, masu ƙera agogo, suka haɗa tsakanin 1768 da 1774. Yana tsoma alƙalami a tawada ya rubuta jimla mai harafi har 40, kuma yana aiki har yanzu. Babu batir, babu kwamfuta. Sirrinsa fayafayan ƙarfe ne da aka sassaƙa gefensu tudu da kwari. Suna juyawa, wani ɗan ƙarfe yana bin gefen yana hawa yana sauka, hannu yana motsi. Ya kai shekara 250 ne don kowane zamani ya samu mai share shi, mai ɗiga masa mai, mai ƙera masa haƙorin da ya ci. Wani irinsa kuma an kai shi Cibiyar Franklin da ke Filadelfiya a 1928 a lalace, gobara ta taɓa shi, ba a ma tabbatar da wanda ya ƙera shi ba. Da makanikin cibiyar ya gyara shi aka ba shi alƙalami, sai ya zana hotuna ya rubuta baitoci, a gefen ɗaya daga ciki ya rubuta sunan maƙerinsa, Maillardet. Bayanin da ya ɓace daga bakin mutane yana nan a jikin tagulla, gyara ne ya fito da shi. Daga irin waɗannan ne kamfanin Walt Disney ya ɗauki haske, ya buɗe ɗakin tsuntsaye masu waƙa a 1963, ya nuna mutum-mutumin Abraham Lincoln mai tashi tsaye yana jawabi a bajekolin Niyok na 1964, iska da man inji suna motsa gaɓoɓin, faifan maganaɗisu yana ba da umarni.

Na san zuciyar mai karatu za ta tsaya a kan hukuncin surar abu mai rai. Wannan fage ne na malamai, kuma ba na kiran kowa ya ajiye mutum-mutumi a ɗakinsa. Abin da ya shafe mu cikin na'urar ne, kuma wannan cikin yana gidajenmu. Keken ɗinki na ƙafa, Singer ne ko Butterfly, yana mayar da taka ƙafa ya zama juyawar ƙafar keke ta hanyar sanda da gwiwar ƙarfe, dabarar da al-Jazari ya yi amfani da irinta a injin ɗaga ruwa. Haƙoran da suke jan yadi kuma faifai mai tudu ne yake motsa su, irin na yaron Neuchâtel. Agogon bango mai wani da makulli, da garmaho mai wani da hannu, duk dangi ɗaya ne. Yaron da aka zaunar a gaban buɗaɗɗen agogo ya ga yadda sifirin yake sakin ƙarfinsa haƙori bayan haƙori ya koyi abin da allon makaranta zai daɗe bai koya masa ba. Sabuwar na'ura kuwa a rufe take ruf, in ta mutu sai a sauya allon lantarkinta dungurungum, mai gyaran ma bai san abin da ya faru a ciki ba. Idan muka sayar da keken ɗinki a kan nauyin ƙarfensa, mun sayar da abin koyarwa, mun kuma rage wa tsohon mai gyara dalilin buɗe rumfarsa, har ya rasu ba wanda ya gaje shi.

Akan ce son tsohon kaya cutar ƙoshi ce, ta Turawan da suka rasa abin yi da kuɗi. Tarihinmu bai goyi bayan wannan ba. Mu ne masu ɗinkin ƙwarya in ta fashe, masu nanin tasa da dalma, masu sake wa turmi gindi, masu mayar da tsohuwar riga 'yar shara. Kakanninmu mata suna gadon tasoshin tagulla na Bida da fanteka daga uwa zuwa 'ya, kuma abin alfahari ne a ce wannan ta kakar amarya ce. An kuma ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana gyara takalminsa yana ɗinke tufafinsa da hannunsa. Saboda haka gyara ba zai zama abin kunya a wurin Musulmi ba. Baƙon ɗabi'a a cikinmu shi ne saya a yar, kuma ba mu da arzikin da za mu riƙe wannan baƙo.

Iyayenmu mata, ba ana cewa ku kai 'ya ɗaki da karyayyen gado ba ne. A yi mata sabuwar katifa, sabbin labule, sabbin tukwane, duk abin da hali ya bayar. Roƙon kawai shi ne kafin a kira dillaliya ko ɗan gwangwan, a tsaya a duba. A ɗaga kujerar a ji nauyinta. A kifa ta a ga ko jijiyar itacen ta zarce har ƙasa, a ga ko haɗin na rami da harshe ne ko ƙusa ce kawai aka buga. A duba ƙarƙashinta ko akwai ɗan gari mai laushi da ƙananan huji, alamar ƙwaro yana ciki. In katakon lafiyayye ne, sauran duk mai sauƙi ne. A gaya wa kafinta kada ya buga ƙusa a mahaɗar da ta saki, kada ya cinye fuskar katakon da samfefa mai kaushi, kada kuma ya lafta masa fenti mai kauri. Gogewa sama-sama da ɗan man katako ko siririn banish sun wadatar. Kujeru huɗu na maɗaci da aka gyara aka ɗinka wa sababbin riguna za su zauna a falon amarya ba tare da kowa ya yi mata gori ba, kuma su ne za su rage a ɗakin ranar da sauran kayan suka kumbura.

Masu agogo da keke da garmaho kuma, kada a matsa wa abin da ya cije. Yawancin sifirin da haƙoran da suka karye, ƙarfin hannun mai gaggawa ne ya karya su. Kada a tuttula wa agogo man mota ko man gyaɗa, yana kama ƙura ya daskare. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance komai, a adana duk ƙarfen da aka cire ko da ya lalace, domin da shi maƙeri zai auna ya yi sabo. Abin da yake amfani da lantarki a sauya masa waya kafin a jona shi. Tangaran ɗin da aka gada kuma a juya gindinsa a duba, tukwanen cibiyar garin nan suna ɗauke da hatimin Abuja da na maginin da ya yi su. In akwai dattijon da ya san tarihin kayan, wa ya saya, a ina, wane kafinta ya yi, a rubuta a ajiye tun yana raye.

Sauran aikin na shugabanni ne da masu sana'a. Cibiyar tukwanen nan, wadda yanzu take ɗauke da sunan Ladi Kwali, ba ta da armashin da take da shi a da, alhali sunanta ya fi na kowace masana'anta a garin nan nisa a duniya. Ƙungiyoyin kafintoci suna iya ware masu gyaran tsohon aiki su koya wa yara haɗin rami da harshe kafin masu iya shi su ƙare. Makarantun sana'a suna iya karɓar matattun agoguna da kekunan ɗinki su zama kayan darasi. Masarauta da ƙaramar hukuma suna iya tanadar ɗaki guda da za a tara irin waɗannan kaya da sunayen gidajen da suka bayar. Wanda duk ya duba kayansa ya ga ba su gyaruwa, ya yar da su da kwanciyar rai, ba wanda zai zarge shi. Abin da nake ja da shi kawai shi ne a yanke wa kaya hukunci don shekarunsa tun ba a kifa shi an duba ba. Allah ya sa mu gane, ya kuma sa albarka a hannun masu sana'armu.